An Ci Ku Bakwai, To Ina Ruwan Uwar Gola?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan uwana masu son ƙwallo, na nan arewacin Kamaru da na ƙetaren iyaka. Gidan kallon ƙwallo nake da shi a Garwa, da shi nake ci da iyalina, don haka na san halin wanda aka lallasa ƙungiyarsa. Wani ya sulale tun kafin a hure tashi, ya kashe waya sai gobe. Wani ya yi tagumi a kan benci har a kashe janareta. Waɗannan ba su dame ni ba, ba'a ma ban hana ba, ita ce daɗin kallo a cikin jama'a. Wanda ya dame ni shi ne wanda ba zai iya barci ba sai ya ware mutum ɗaya ya ɗora masa laifi gaba ɗaya, ya haɗa da uwarsa da ubansa.

Ran da Liverpool ta ci Manchester United 7 da nema a watan Maris na 2023, an tafi hutu ana ɗaya ne kawai, magoya bayan United na cewa za su farke. Da aka dawo sai ruwan ƙwallaye. A ta biyar wani saurayi mai haya da babur ya miƙe yana zagin gola da abin da ba zan iya rubutawa ba. Maƙwabcinsa ya yi dariya, shi ke nan, aka shaƙe wuya, benci ya karye. Da muka raba su na ga takardar caca a dunƙule a hannunsa, ta jiƙe da zufa. Kuɗin da zai kai wa mai babur da daddare ne ya zuba. Tun da cacar ƙwallo ta shigo wayoyin yaranmu, haushin shan kashi ya tashi daga ɓacin rai ya koma na wanda aka yi wa sata.

Da a kan 'yan wasan Turai abin ya tsaya, da na yi shiru. Amma hali ne, yana bin mutum har gida. Dattawa za su tuna Pierre Womé. Shi ya buga fenaretin ƙarshe da ya ba Kamaru zinare a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. A watan Oktoba na 2005 ya ɓarar da fenareti a kan Masar a Yawunde, muka rasa zuwa gasar cin kofin duniya ta 2006, sai wasu suka far wa gidansa da dukiyarsa. Shekara biyar kacal aka manta da zinaren. 'Yan uwanmu na Najeriya kuma, a nan filinmu na Roumdé Adjia Tunisiya ta fitar da ku daga gasar cin kofin Afirka da ci ɗaya a watan Janairun 2022, kuma kowa ya ga abin da aka yi wa golanku Maduka Okoye a intanet, har da barazanar kisa.

A gasar hutun makaranta ta unguwanni na ga irin wannan da idona. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyar ba aka zura wa shida. Safar hannunsa ta yage, da zare ya ɗinke ta. Manya masu gemu suka bi shi daga bakin fili har kwanar gidansu suna cewa an saye shi, suna ambaton mahaifiyarsa, ita kuwa tana bakin hanya tana tuyar ƙosai, tana ji. Yaron bai sake tsayawa a raga ba. Garin da ya fitar da Vincent Aboubakar, garin Coton Sport da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008, a ce haka muke korar yaranmu daga fili?

Mutum ɗaya ba ya jawo cin huɗu ko shida. A gasar cin kofin duniya ta 2014 da Kuroshiya ta ba mu 4 da nema, rigimar kuɗin alawus ta jinkirta tashin 'yan wasa zuwa Brazil tun daga gida, Alex Song ya karɓi jan kati kafin hutu, ga Assou-Ekotto ya yi wa Moukandjo karo da ka a gaban duniya. Wane gola ne zai tare wannan? Haushi na nan, kuma da hujja, amma a kai shi inda ya dace: a tambayi masu riƙe da ƙwallon ƙasa da masu horarwa yadda aka yi shiri.

Kuma mugun kashi ba ya nufin ƙungiya ta mutu. A gasar cin kofin duniya ta Italiya a 1990 Tarayyar Sobiyet ta ci mu 4 da nema, 'yan wasan nan dai su ne suka fitar da Kolambiya, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas. A 2022, a wasan neman matsayi na uku na gasar cin kofin Afirka, Burkina Faso na gabanmu da uku, rabin gidana ya watse ana tsinuwa. Waɗanda suka daure su suka ga Aboubakar ya zura biyu a mintunan ƙarshe, aka yi 3 da 3, muka ɗauki matsayi na uku a fenareti.

A gidana yanzu doka ce, duk wanda ya zagi iyayen wani, ɗan wasa ne ko ɗan kallo, in mayar masa da kuɗinsa ya fita. Ina kira ga abokan sana'ata na Garwa da Marwa da Ngaundare mu haɗa baki a kan haka, don kada wanda na kora ya samu benci a gidan gaba. Masu shirya gasar unguwanni kuma su sa dattijo ɗaya ya raka yaran da aka ci har gida.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar nan.

Naka,
Mai gidan kallon ƙwallo,
Unguwar Yalwa, Garwa, Kamaru.