Wasiƙa zuwa ga Abba, a tsakiyar kakar besbol

Bronx, New York
Litinin da dare

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na ajiye mota da wuri yau don in zauna in rubuta maka wannan, domin a waya kana saurin cewa "to Baba" kafin in kai ƙarshen magana. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Na san Litinin ce kaɗai ranar da ba ku da wasa, daga Talata zuwa Lahadi kuwa kuna fili kullum, saboda haka ka karanta ta a natse kafin gobe.

Abu uku ka faɗa jiya da ka kira. Ka ce mako biyu ke nan sandarka ta ƙi ci. Ka ce an ɗaga abokin ɗakinka zuwa AA, matakin da ke gaba da naku a ƙananan gasannin besbol. Na ukun kuwa ka faɗe shi da sauri, kamar mai tsallake kwata: wai hannun hagu yana ɗan damunka amma ba komai. Ummanka ta ji biyun farko. Ni na ukun ne ya hana ni barci.

Gobe, kafin ka taɓa sanda, ka je wurin mai kula da lafiyar 'yan wasa ka nuna masa hannun nan, ka faɗa masa tun yaushe ya fara, ba tare da ka rage ko kwana ɗaya ba. Na san abin da kake tsoro. A watan Yuli za a yi zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 20, kowace ƙungiya ta kwaso yara masu jini a jika, alhali tun 2024 doka ba ta yarda ƙungiya ta riƙe fiye da mutum 165 a ƙananan matakanta na cikin Amurka ba. In sababbi sun shigo dole wasu su fita. Kana ganin in ka zauna a benci yanzu, wani zai hau gurbinka ya ƙi sauka. Wannan tsoro ba na banza ba ne, ba zan ce maka ƙarya ne ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Mutanen da ke rubuta rahotonka kowane dare ba su san hannunka na ciwo ba. Abin da suke gani kawai shi ne yaro wanda ƙwallo mai gudu ta fara wuce shi, wanda bugunsa ya daina nisa. Kana biyan farashin ciwon, kuma ana rubuta shi a matsayin gazawarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Abba.

Wurin da ka kwatanta, gefen tafin hannu ta wajen ƙaramin yatsa, shi ne daidai inda gindin sanda ke dannawa duk lokacin da ka kai bugu. Akwai wani ɗan ƙashi mai kamar ƙugiya a wurin, wanda ya saba tsagewa ga masu bugu. Manyan 'yan wasa da yawa an yi musu aikinsa, an cire guntun, sun dawo fili cikin wata biyu ko ƙasa da haka. Mai yiwuwa ma naka bai kai nan ba, a sa ka cikin jerin masu jinya na kwana bakwai ka huta ka dawo. Hoto ne zai raba gardama, ba jarumta ba.

Kana aji uku lokacin da bayana ya kama, ba lallai ka tuna ba. Wata biyu ina jin zafi yana sauka ta ƙafar dama, ina sayen maganin kashe zafi ina haɗiya, ina tuƙi awa goma sha biyu, don kuɗin haya na jira kuma ga kuɗin da nake turawa gida. Wata safiya na zo sa takalmi na kasa miƙewa. Ummanka da maƙwabcinmu ne suka sauko da ni daga bene. Hutun mako biyu da na ƙi yi da son raina, sai da na yi wata huɗu a kwance ba da son raina ba. Har yau in sanyi ya shigo ina tuna wannan taurin kai.

Yanzu maganar sandar da ta ƙi ci. Ni ban taso da wasan nan ba, kai ka koya mini shi, a filin Macombs Dam da ke gefen filin Yankees, lokacin da safar cafkarka ta fi kanka girma. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da ka ce wanda ya ci uku cikin goma gwani ne. Wato gwanin ma sau bakwai yake komawa benci hannu rabbana. A matakinku na A ta sama wasa 132 ne daga Afrilu zuwa Satumba. Manomi ba ya yanke hukuncin damina da fashin ruwan mako biyu, kuma kakanka da ka ci sunansa ya sha yin shuka sau biyu a shekara ɗaya ya kuma cika rumbu. Ga shi ma an raba muku kakar gida biyu, rabin farko ya ƙare, an share allo an fara lissafin ƙungiyoyi daga sifili. Kai ma ka share na zuciyarka.

Ka san labarin Michael Jordan fiye da ni. A 1994, yana sarkin ƙwallon kwando na duniya, ya je ƙungiyar besbol ta Birmingham a jihar Alabama ya buga kaka guda a AA, wasa 127, ya tashi da .202, wato biyu cikin goma da kyar. Ba don ba shi da ƙarfi ko zuciya ba, wasan ne mai wuya. Amma wanda na fi so ka riƙe a ranka shi ne Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu. Ya girma a wani ɗan ɗaki a jikin ginin wata ƙungiyar besbol da ke Randburg, inda mahaifiyarsa ke aiki. Ƙungiyar Pittsburgh ta ɗauke shi a 2008, ya yi ta bin bas daga gari zuwa gari shekara da shekaru, sai ranar 26 ga Afrilu, 2017 ya taka filin babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, kuma shigarsa ta farko ya ci bugu. Zamansa a can sama bai daɗe ba. Duk da haka ya kai, kuma bai kai ta ɓarauniyar hanya ba.

Abokin ɗakinka kuwa, ka kira shi ka yi masa murna da bakinka, ba saƙon waya ba. In ka ji wani abu ya soki zuciyarka lokacin da yake haɗa jakarsa, wannan ɗan Adam ne, ka yi a'uziyya ka wuce. Rabonsa ya ɗauka, bai taɓa naka ba. Kuma yaron nan ɗan Dominika da ka ce an kawo a madadinsa, wanda ba ya jin Turanci, ka riƙe shi. Ka raka shi kanti, ka nuna masa yadda ake odar abinci. Shekarata ta farko a garin nan, wani dattijo Bazabarme ne ya yi mini haka, ya nuna mini jirgin da zan hau da wanda ba zan hau ba, kuma har ya rasu ban daina kai masa gaisuwar Sallah ba.

Akwai ƙofa biyu da mutum ke leƙawa idan abubuwa sun tsaya masa, ina so ka ji daga bakina. Ta farko, kada ka haɗiyi komai, gari ne ko ƙwaya ko abin sha na ƙarin ƙarfi, sai wanda ma'aikatan lafiyar ƙungiya suka duba suka amince. Ana gwajin fitsari ba sanarwa, kuma "ban san abin da ke ciki ba" ba ta ceci kowa ba. Ta biyu caca ce, wadda yanzu ta shigo cikin waya. Ban da haramcinta a addini, dokar wasanku a fili take: ka yi caca a kan besbol, dakatarwar shekara guda, ka yi a kan wasan da ƙungiyarka ke ciki, kora har abada. A Yunin 2024 aka kori Tucupita Marcano kwata-kwata yana da shekara 24, bayan ya riga ya kai babbar gasa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Ko wani ya tambaye ka a waya wa zai yi jifa gobe, ko wa ke da rauni, kada ka amsa.

Batun kuɗi, ka daina turo wa Ummanka. Ta nuna mini, na kuma gode, Allah ya yi albarka. Amma muna da abin da za mu ci. Waɗanda suka riga ku a matakin nan dala 11,000 suke samu a shekara, su cunkushe su biyar ko shida a ɗaki kan katifun iska. Sai a 2022 aka fara ba 'yan wasa masauki, a 2023 kuma yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta farko ta kai mafi ƙarancin albashin matakinku dala 27,300. Ya fi na da, amma ba dukiya ba ne, kuma sana'ar da za a iya kiran mutum ofis a sallame shi cikin minti biyar tana son ajiya. Ka ci abinci mai kyau, ka sayi abin da aikinka ke buƙata, saura ka adana.

Ka tambaye ni kan salla a hanya. A cikin bas da ranar tafiya ka yi ƙasaru. Amma da yake kwana shida kuke yi a kowane gari, a mazhabarmu ta Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke ƙasaru, don haka in kun sauka ka cika sallarka. Magariba na riskar ku a tsakiyar wasa, na sani. Ka shiga fili da alwala, ka yi wa manaja bayani sau ɗaya cikin ladabi, ka nemi wani lungu kusa da ɗakin sa kaya. Raka'a uku ba ta ɗaukar dogon lokaci.

Ka ce wani lokaci kana tunanin ko ka haƙura ka koma ka ƙarasa digirinka. Ban ji haushin wannan magana ba ko kaɗan. Saura zango biyu ka gama, kuma makaranta ba ta gudu. Sai dai ba na so ka yanke wannan shawara a kujerar baya ta bas da ƙarfe biyun dare, da hannu mai zogi, bayan an fitar da kai sau uku a wasa ɗaya. Ka gyara hannun, ka ƙarasa kakar da zuciya ɗaya. In Satumba ta zo ka dawo gida, ka yi barci mako guda, ka yi istihara, mu zauna ni da kai da Ummanka. Duk wadda ka zaɓa a lokacin, ina bayanka.

Na duba jadawalinku, na ga za ku zo Brooklyn a watan Agusta. Mun riga mun shirya: za mu hau jirgin ƙasa na layin D daga titi na 161 har ƙarshen layi a Coney Island, mu duka. Ko kana cikin fili ko kana benci da bandeji a hannu, za mu zo. Ummanka ta ce za ta yi maka dambun nama mai yawa, har da na yaron nan ɗan Dominika, ka tambaye shi ko yana cin yaji.

Gobe da ka fito daga wurin mai duba hannun ka kira ni. Ko ina ɗauke da fasinja zan tsaya in amsa.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka