Abin da mai jinya zai tarar a bakin titin Delhi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na karanta rahoton da kuka buga kwanakin baya kan mutanenmu masu tafiya Indiya neman magani. Kun yi ƙoƙari wajen bayanin biza da kuɗin aiki, da dillalan da ke shiga tsakani suna yankar rabonsu. Sai dai akwai gefen da ba ku taɓo ba, shi ya sa na ce bari in sa baki. Majiyyaci yana kwance a gado, likitoci na kansa. Shi kuwa mai jinya a waje yake rayuwarsa, a titi, cikin mutanen da ba ya jin yarensu. Wata huɗu na yi a Delhi ina jinyar yayana da aka yi wa aikin ƙoda, daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. In aka ce in lissafa waɗanda suka riƙe ni a garin nan, da mai shayi zan fara, sai mai guga da matarsa, kafin in zo kan masu farin kaya.

Irinmu da muka tashi da kallon finafinan Indiya, mukan sauka da zaton mun san ƙasar. Ni dai kafin mu kai masauki wannan zato ya bi ruwa. Ba lambun furanni, ba mai rera waƙa. Abin da ya fara tarbata shi ne ƙarar hon, ba dare ba rana, domin a wurinsu danna hon ba faɗa ba ne, sanarwa ce kawai cewa ga ni nan tafe. Har rubutawa suke yi a bayan manyan motoci suna roƙon na baya ya danna. Cikin wannan hayaniya za ka ga saniya kwance a tsakiyar hanya tana tuƙa, motoci na kauce mata, ba wanda zai ce mata tashi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne adaidaita sahu. Ita ce dai tamu sak, tunda dama daga can ake kawo mana su, ƙirar Bajaj da TVS. Bambancin kawai fenti: tasu kore ce da rawaya, alamar cewa da iskar gas take aiki. Kotun Ƙolin ƙasar ce ta ba da umarni a 1998 cewa motocin haya na Delhi su koma gas saboda hayaƙi ya yi yawa. Akwai mita a jikin kowace, amma direban da ya ga baƙo sai ya ce ta lalace. A makon farko na biya ninki uku na kuɗin da ya kamata, ina ta godiya kuma. Mai shayin bakin layinmu ne ya koya mini in ce "mita se calo", wato mu tafi da mita, in direba ya ƙi in juya baya kamar zan tafi. Da wuya in yi taku biyar bai kira ni ba.

Wannan mai shayi mutumin jihar Bihar ne, kamar yawancin masu ƙananan sana'o'i a Delhi, waɗanda in ba Bihar ba to daga Uttar Pradesh suka fito. 'Yan ci-rani ne da ci-ranin ya zame musu zama. Duk jarinsa bai wuce teburi ɗaya da risho da tukunyar da ta yi baƙi ƙirin ba, sai benci guda. Shayinsu ba irin namu ba ne da ake zuba ruwan zafi a kan ganye a ƙara madara a sheƙa. Komai tare yake dafawa, ganyen da madarar da sukarin da dakakkiyar citta, ya bar shi ya taso sau biyu ko uku, sannan ya tace a ɗan kofin da bai kai rabin namu ba. Rupi goma. Ranar farko na raina shi, na ce wannan ai kurɓa biyu ne. Daga baya sai da na koma shan biyar a yini.

Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Hindi, amma mun yi hira wata huɗu. Abin mamaki, kalmomin Larabci ne suka haɗa mu. In ya ce "hisab" na san lissafi yake nufi, "khabar" labari, "sabun" sabulu, "duniya" kuwa duniya ce ba canji. Sauran kuma hannu da ido su ƙarasa. Abin da ya daɗe yana rikita ni shi ne yadda suke kaɗa kai gefe da gefe. Ni ina ganin ya ƙi, ashe cewa yake to. Kullum da asuba in na fito zuwa asibiti sai ya ɗaga haɓa ya ce "bhai sahab?", yana tambayar jikin yayana. Ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata, na dawo da daddare ƙafafuna ba sa ɗaukata, mutumin nan ya dube ni, ya matsar da wani daga kan bencin, ya miƙo mini shayi da biskit biyu, ya ƙi karɓar kuɗi. Ba Musulmi ba ne. Akwai ɗan hoton abin bautarsa manne a jikin teburin, yana kunna masa turare kowace safiya.

Kusa da hoton kuma akwai wata 'yar takarda mai zanen murabba'i wadda ake haskawa da waya a biya kuɗi. Tsarin nan da suke kira UPI an fara shi a 2016, yanzu har mai sayar da ayaba a kan kura yana da shi, da wata 'yar na'ura da ke faɗin adadin da ya shigo da babbar murya don kada a yi gardama. Sai dai ni da ba ni da asusu a bankinsu, da tsabar kuɗi nake biya, canji kuma wahala yake yi. Ni littafi mai shayin ya buɗe mini, ina biya duk Juma'a.

Da hantsi layinmu yakan zama kasuwa mai tafiya. Mai kurar kayan miya zai shigo yana kiran dankali da albasa da tumatir da wata murya ta hanci, matan sama su leƙo ta baranda a yi ciniki da ihu, sannan a zuro jaka da igiya, ya zuba kaya, a janye. Bayansa sai mai keke da ke sayen tsofaffin jaridu da kwalabe da ƙarafa, ɗan jari-bolarsu ke nan, yana tafe da sikelinsa. A gindin wata bishiya mai aski ya kafa madubi da ƙusa, ya ajiye kujera ɗaya, shago ya kammala. A tsohon gari har masu sana'ar goge kunne na gani, da jar hula da ɗan tsinken ƙarfe da auduga soke a gefenta. Wannan kam ban yarda na miƙa nawa kunnen ba.

Masu gugar su ne na fi tsayawa kallo. Miji da mata ne, sun manyanta, suna aiki a ƙarƙashin wata leda shuɗiya da aka ɗaure a jikin katanga. Dutsen gugarsu na gawayi ne, irin wanda muka sani a da, amma ya ninka namu girma, da ƙyar na ɗaga shi da hannu ɗaya. Mijin na guga, matar na hura gawayi tana ninke kaya tana ɗaure na kowane gida a cikin tsohon zani. Ba rasit, ba alama, amma ban taɓa ganin rigar wani ta shiga ƙunshin wani ba. Da na kai musu kaftanina na shadda sai suka yi ta juya shi suna shafawa, matar ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga aikin wuyan. Sun san wanda ya yi tafiya a layin, da wanda ya yi baƙo, da gidan da ake rigima. Su ne suka nuna mini inda zan samu ɗaki mai sauƙin kuɗi lokacin da guzurinmu ya fara ja baya.

A watan Nuwamba na ga abin da ban taɓa gani ba. Gari ya rufe da wani hazo mai ɗaci, ba irin ƙurar hunturunmu ba, wannan yana yaji a ido yana shaƙe maƙogwaro. Manoman jihohin Punjab da Haryana ne ke ƙona karan shinkafa bayan girbi don su yi saurin shuka alkama, hayaƙin ya haɗu da na motoci da na wasan wutar bikin Diwali, iska kuma ta tsaya cak. Akan rufe makarantu in abin ya yi tsanani. Masu hali su shige gida su kunna na'urar tace iska. Mai shayi da masu guga kuwa suna nan inda suke, daga asuba har dare, sai dai a ɗaure hanci da ƙyalle. Da Janairu ta shigo sanyi ya sauko, wasu ranakun har ƙasa da digiri biyar, za ka ga masu gadi da masu tura keke sun kewaye wutar kwali suna miƙa hannu. A ƙofar wani babban asibitin gwamnati na ga ɗaruruwan mutane kwance a gefen titi cikin barguna, 'yan ƙauye ne da suka kawo marasa lafiyarsu suna jiran layi. Na tsaya ina kallonsu, ni da na zo daga wata nahiya ina da ɗaki, su 'yan ƙasa suna kwana a waje.

Batun abinci, a gaya wa masu tafiya su riƙa tambaya, domin ba duk nama ne yankan Musulmi ba. Ba a yanka saniya a Delhi, doka ta hana. Jan naman da za ka samu a unguwannin Musulmi na ɓauna ne, ko akuya. Ranar Juma'a nakan hau jirgin ƙasan cikin gari, wanda aka buɗe a 2002, tsaf-tsaf da shi har da taragon mata zalla, in tafi babban masallacin da sarki Shah Jahan ya gina aka gama a 1656. Harabarsa na ɗaukar mutum wajen 25,000. In an sallame sai a gangaro lungunan da ke gabansa, inda ake gasa tsire da gurasa a tanderu, ƙamshi ko'ina. Nan ne kaɗai nake jin kamar ina gida. In ka ƙara gaba ta titin Chandni Chowk za ka faɗa Khari Baoli, kasuwar kayan yaji, inda 'yan dako ke sauke buhunan barkono kowa na atishawa.

Akwai kuma wurin ibadar mabiya addinin Sikh, masu rawani da gemu, wanda ake kira Bangla Sahib. Suna ciyar da dubban mutane kyauta kowace rana, ba a tambayarka addini ko gari. Ka cire takalmi, ka rufe kai, ka zauna a ƙasa cikin sahu, a zuba maka wake da gurasa da shinkafa. Attajiri ne zai zo da tsadaddiyar mota ya zauna yana wanke kwanuka. Na ci a can sau biyu, ba don yunwa kaɗai ba.

Kada a ce na zo yabon Indiya. Baƙar fata na shan kallo a Delhi, kallon da ba a ɓoyewa. Yara sun bi ni suna kiran "kalu", manya kuma na ji suna cewa "habshi", duka biyun ba yabo ba ne. Masu gida biyu sun ce ɗaki ya ƙare da suka ga fuskata, na ukun ya fito fili ya ce ba ya ba 'yan Najeriya. An ce wasu namu ne suka ɓata suna da harkar ƙwaya. Ko da hakan ne, ni da na zo da takardun asibiti a hannu mene ne nawa a ciki? Su ma a tsakaninsu akwai wanda ba a shan ruwa a kofinsa saboda gidan da aka haife shi. Mai sharar layinmu a tsaye yake shan shayi, nesa da benci, ko da ba kowa a kai.

Saura kwana uku mu taso, na fito da safe na tarar da layin wayam. Ma'aikatan hukuma sun zo da babbar mota sun kwashe tebura da kuraye da ledoji. Mai shayi ya tsira da tukunyarsa da risho, washegari ya dawo ya ɗora su a kan bulo biyu ya ci gaba da dafawa. Alhali suna da doka tun 2014 da ta ce kada a tashi mai sana'ar bakin titi sai an ƙidaya su an ba su shaida, har ta tanadi kashi 40 cikin 100 na kujerun kwamitin da ke tsara wuraren su zama na masu sana'ar ne. Wanda ya taɓa ganin yadda ake kwashe 'yan tebur a garuruwanmu ya san abin da idona ya gani ran nan.

Masu guga ba su dawo ba har muka taso. Kayana na ƙarshe matar ta riga ta aiko mini da su da daddare ta hannun jikanta, na ce wa yaron gobe zan biya. Rupi sittin ne. Na so in bar wa mai shayi ya ba su, ya ce ya ji sun koma ƙauye, bai san ranar dawowarsu ba, shi kuma ba ya son riƙe kuɗin mutane. Yayana ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, har ya koma kasuwa. Na tambayi malaminmu, ya ce in yi sadaka da kuɗin da niyyar mai su tunda ba hanyar isar da su, na kuma yi. Duk da haka, in wakilinku zai sake komawa Delhi, ina roƙon ku sanar da ni ta wannan shafi, zan kwatanta masa layin da katangar da suke ɗaura ledarsu.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya