Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu ɗinkin bargo a Houston, shekarar 2024

Assalamu alaikum Hajiyoyi, iyaye da yayye da ƙannena. Hajiya Shugaba ta ce in rubuta rahoton bana in tura wa kowa tun kafin taron Janairu, saboda in aka bari sai ranar taro rabin mutane ba sa nan, sauran rabin kuma suna sauri za su ɗauko yara. To ga shi, don Allah a karanta har ƙarshe. Cikakken lissafin shiga da fita yana takardar Ma'aji, ni abin da aka yi da abin da ba a yi ba zan faɗa.

Tarukan wata an yi su yadda aka saba, ban da na Maris da azumi ya ɗauke da kuma na Yuli.

Zan fara da babban bargon atamfa domin shi ne abin da ya faranta mana rai bana, kuma wallahi duk wadda ta sa hannu a ciki ta cancanci a yaba mata. Kun san ƙyallayen nan tun bara muke tara su, ragowar ɗinkin sallah da na biki, aka wanke aka goge aka yanka aka haɗa aka zagaye fuskar da farin yadi mara ado har ta kai inci 90 da 100. Da aka gama haɗi wasu cewa suka yi kawai a kai shagon da muke hayar injin longam, wato babban injin ɗinkin bargo mai dogon hannu, a ɗora, ai in an tsaya gaban inji zane zai zo da kansa. Anti mai koya mana ta ce sam ba da ita ba, ta ce injin da ake biya awa-awa ba wurin tsayawa tunani ba ne, a ba ta Asabar guda a zauna a tsara zanen tukuna. Haka aka yi bayan ƙaramar sallah a gidan Hajiya Shugaba, kuma a ganina ranar nan ita ce mafi amfani a duk shekarar, har ta fi ranar ɗinkin kanta.

Da farko an rataye fuskar bargon a bango aka ɗauke ta hoto da waya, aka buga kwafi da yawa, kowa ta ɗora siririyar takarda a kan nata ta zana abin da take gani zai dace. Nan aka fara gane abin da Anti take nufi. Atamfa tana da hayaniya, fure a nan tsuntsu a can, duk wani zane mai wahala da kika ɗinka a kanta haɗiye shi take yi, ki ja da baya taku uku ba za ki ga komai ba. Don haka aka yanke cewa cikin atamfar a bi ta da layi mai lanƙwasa kawai mai sauƙi, duk gwanintar a kai ta kan farin gefe inda kowane ɗinki yake fitowa ƙarara.

Sai maganar me za a sa a gefen. Mama, wadda ta girma a Zariya, ita ta kawo shawarar dagin Arewa, ta ce a gidansu ba ta taɓa ganin an ɗauki allura an fara aikin babbar riga haka kawai ba, sai mai zane ya zana aska takwas ɗinsa da tambari a jikin yadin sannan masu ɗinki su bi. Kowa ta yi na'am. Amma zana dagi a takarda daban, ɗinka shi da longam daban, domin injin yana son layi mai tafiya ba yankewa, duk inda kika tsaya sai kin ɗaure zare kin yanke kin sake jawo na bobin sama, lokaci na tafiya kuɗi na tafiya. Aka shimfiɗa roba mai garai-garai a kan gefen bargon, an riga an bi bakinta da salatif mai launi don kada alƙalamin maka ya zarce ya taɓa farin yadi, aka yi ta zanawa ana gogewa. Ƙanwarmu ɗalibar nan ita ta zauna a ƙasa da yatsa tana bin layin tana cewa nan za a shiga, nan za a haye, nan za a koma ta kan tsohon ɗinki kaɗan a fita, har ta samo hanyar da za a yi kowane dagi a wuce na gaba ba a yanke zare ba, ta sa lambobi da kibiyoyi a takarda. Da ta gama falon nan tafi aka yi da guɗa, Mama har da hawaye.

Wani abu da tsarin ya kama tun a gida, dagin tsakiya da muka fara zanawa inci 20 ne. Anti ta tuna mana cewa ko da an ce wuyan inji inci 26 ne ba duka allura ke kaiwa ba, sandunan firam suna cin wuri, kuma bargon da aka gama yana naɗuwa a sandar baya yana ƙara kauri yana rage fili, in kin zo ƙasan bargo filin ya matse. Da an tafi da shi a haka sai an raba shi biyu ana naɗawa a tsakiya, haɗa bakin layi kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Aka mayar da shi inci 12 ya shiga zubi guda. Haka aka duba tazarar ɗinki, kowace audugar ciki an rubuta a ledarta iyakar filin da za a bari ba ɗinki, irin su Warm & Natural har inci 10 suke yarda, wasu kuwa inci 4 ne kawai, in kin wuce haka bayan wanki audugar ta dunƙule. Kuma ba a cika ɗinki a wuri ɗaya a bar wani fayau, inda ya cika zai tsuke, inda babu zai kumbura, bargo ya ƙi kwanciya. Zare ma ba a zaɓe shi a jikin kwarkwaro ba, warwaro shi aka yi aka shimfiɗa sili ɗaya a kan atamfar da farin, sai ga shi ruwan toka mai haske da babu wadda ta kula da shi ya fi zinariyar da yawancinmu muke so. Alamomin da aka sa a farin yadi da alƙalamin nan shuɗi mai fita da ruwa aka sa, an gwada a ƙyalle tukuna, kuma an ja kunnen kowa kada dutsen guga ya taɓa shi domin zafi na iya kama shi ya zauna. Kafin a tashi waɗanda za su riƙe inji sun cika takardu da zanen dagi, ana maimaitawa har hannu ya saba.

Ranar ɗinki a watan Mayu komai ya tafi sumul. Shafin bayan mun sayo mai faɗin inci 108 don kada a yi haɗi, an bar rarar inci 4 ko fiye ta kowane gefe yadda masu shago suke buƙata don maƙalai su samu abin kamawa, aka ɗora a firam mai ƙafa 12, aka gwada ƙarfin zare a gefe, aka manna takardar lambobi inda mai ɗinki za ta gani. Babu wadda ta tsaya tana tambaya yanzu ina za a bi. Mun sauke bargon kafin lokacin da muka kama ya cika, har mai shagon ta nemi izini ta ɗauki hoton dagin. A walimar babbar sallah aka yi gwanjonsa, kun ga yadda Alhazai suka yi ta ɗaga hannu, kuɗin ya biya hayar inji da auduga da zare ya kuma bar saura a asusu. Don a san darajar abin, masu karɓar aikin longam a nan Amurka inci-inci suke lissafi, zane mai bi daga gefe zuwa gefe kusan senti 2 ne kowane murabba'in inci, bargonmu murabba'in inci 9,000 ne, kenan wajen dala 180 ga mafi sauƙin aiki, irin namu na musamman kuwa ya ninka haka. Da hannunmu muka yi. Allah Ya saka wa Anti da Mama da ƙanwarmu da duk wadda ta kawo abinci ranar da alheri.

Yanzu sai abin da bai yi daɗi ba, kuma zan faɗe shi yadda yake domin ni ake tarewa ana tambaya.

Bargunan yara da muka ce za mu kai wa Project Linus, masu raba wa yara marasa lafiya barguna tun 1995, ba a kai ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, wannan ba gaskiya ba ne. Fuskokin suna nan an haɗa yawancinsu, suna ninke a akwati a gidana, duk mai so ta zo ta gani. An sa ranar ɗinkinsu a Yuli, guguwar Beryl ta faɗo ranar 8 ga wata, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta, wasunmu sun fi mako guda cikin zafin nan ba lantarki, wa zai yi maganar bargo a lokacin. Da aka dawo hayyaci kuma aka duba asusu babu kuɗin auduga da haya, saboda ragowar kuɗin gwanjo an taimaka wa 'yan uwa biyu da iska ta yi wa ɓarna, kuma a taro aka amince da hakan, yana cikin rubutaccen bayani. Da kuɗin wata yana shigowa yadda ya kamata da an yi duka biyun.

Sannan guda ɗaya da aka samu aka ɗora a Satumba, waɗanda suka karɓi aikin ba su zo zaman tsari ba, suka ce ƙaramin bargo ne ba ya buƙata. Aka fara da manyan furanni a sama, aka gaji a tsakiya aka koma ƙananan zagaye a cushe, ƙasan ya tsuke saman ya yi jaka. Ɗinkin minti goma a longam sai ki yini kina farke shi, kuma har yau ba a gama farkewar ba, kuɗin hayar ranar kuma ya tafi. Ban kira sunan kowa ba kuma ba don cin fuska na kawo ba, amma daga yanzu kwamiti ya yanke, bargon ƙungiya ba zai hau inji ba sai an ga zanensa a takarda, ko da takardar fanto ce ta shago da ake bi da hasken lesa daga bayan inji, a zaɓe ta a auna ta tun a gida.

Asusun sayen injin kanmu bai motsa ba. Mun je bikin baje barguna na duniya da ake yi a zauren taro na George R. Brown a ƙarshen Oktoba, mu kaɗan ne muka je duk da a garinmu ake yi mutane na tahowa daga ƙasashe, mun gwada injinan Gammill da Handi Quilter da APQS mun tambayi farashi. Irin wanda zai ɗauki babban bargo da firam ɗinsa maganar dubban daloli ake yi, masu kwamfuta kuwa ba a magana, ga shi yana son ɗaki guda nasa. Masu cewa me ya hana a saya, amsar ke nan. Ajin 'yan mata na hutun bazara shi ma bai yiwu ba, iyaye da yawa sun rubuta suna, da aka nemi masu zama da yaran aka ji shiru.

Maganar kuɗin wata kuwa na gaji wallahi. Kusan rabinmu ba su cika na bana ba, akwai waɗanda tun azumi ban ga ko dala ɗaya daga gare su ba, amma in aka sa hoton bargo a WhatsApp su ne farkon masu cewa masha Allah aikinmu ya yi kyau. Na san halin da ake ciki, kowa na aika wa gida, haya ta hau, kuma duk wadda ta kira ni a gefe ta ce ga matsalarta ban taɓa kai maganarta gaba ba, kwamiti ma ya yafe wa wasu. Abin da ke min ciwo shi ne in tura saƙo a karanta a yi shiru, in kira a ƙi ɗauka, sannan mu haɗu a suna ko biki a ce Yaya ai kin san ina sane. Ni ma aikin sa kai nake yi, ina da aiki ina da iyali, kuma babu daɗi mace ta riƙa bin yayyenta da iyayenta bashi. Haka wankin ƙyalle da guga da yanka, fuskoki ɗaya ne kullum, ranar inji kuwa kowa na son ta riƙe hannun inji a ɗauke ta bidiyo. Ƙungiyar nan ta mu duka ce, don Allah a duba.

Abin da kwamiti ya tsayar na sabuwar shekara, bargunan yara su ne farko, ba za a buɗe sabon aiki ba sai an kai su. Taron Janairu zaman tsari ne gaba ɗayansa, kowa ta zo da fensir da siririyar takarda, roba da maka suna wurin Anti, hotunan fuskokin zan tura kafin ranar don kowa ta fara zane a gida. Wadda take son riƙe inji kuma ba ta yi darasin shago ba ta faɗa min a sa sunanta, ba sa ba da haya sai da shi. Bashin 2024 a tura wa Ma'aji ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko a kawo hannu da hannu kafin taron, da shi za a sayi auduga. Wadda kuma ta ga ba za ta iya ci gaba ba ta sanar da Hajiya Shugaba, babu komai zumunci na nan, mu dai mu san da mutum nawa muke lissafi.

Wassalam,
Sakatariya