Rufewar hanya da rayuwar ma'aikatan tashar Amundsen-Scott

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na kimiyya a kan nahiyar Antatika, inda aka bayyana cewa a ƙuryar kudancin duniya rana takan fito sau ɗaya tak a shekara, cikin watan Satumba, sannan ta faɗi cikin watan Maris. Haka abin yake, sai dai a ganina shirin ya tsaya a kan abin al'ajabin, bai kai ga yadda ma'aikatan tashar bincike ta Amundsen-Scott, wadda Amurka ta kafa a wannan ƙurya a 1956, suke gudanar da harkokinsu ba.

Abin da ya fi komai juya rayuwarsu shi ne rufewar hanya. Daga Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, lokacin da rana ba ta faɗuwa, jirage masu sauka a kan ƙanƙara suna jigilar mutane da abinci da mai daga tashar McMurdo ta Amurka da ke gaɓar tekun nahiyar, kuma yawan mazauna yakan kai wajen 150. Duk wani gini da gyaran inji a cikin waɗannan watanni ake ƙoƙarin kammala shi. Da zarar jirgin ƙarshe ya tashi, mutanen da suka rage, waɗanda ba su cika wuce hamsin ba, sai su zauna kusan wata takwas babu shiga babu fita, domin idan sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifili, man da ke cikin na'urorin jirgi yakan yi kauri har sauka da tashi su zama kasada. A watan Yunin 1982, lokacin da muke cikin damina a nan, an auna digiri 82.8 ƙasa da sifili a wurin.

Wannan ne ya sa a 1999 likitar tashar, Jerri Nielsen, da ta gano tana ɗauke da cutar sankarar mama, ta riƙa yi wa kanta magani da abin da aka jefo mata daga sama, har zuwa Oktoba da aka samu damar ɗauko ta.

Ko ƙananan al'amura ma a ƙayyade suke. Ruwa sai an ƙona mai an narkar da ƙanƙara, don haka wanka na minti biyu ne, sau biyu a mako. A watannin duhu jajayen fitilu ake kunnawa a waje don kada haske ya dami na'urorin nazarin sararin samaniya, agogo kuwa na ƙasar New Zealand suke bi.

Ina roƙon ku sake waiwayar batun, ku kuma gayyato malami ya yi mana bayanin yadda Musulmin da aiki ya kai shi irin wannan wuri zai ƙididdige lokutan salla da azumi.

Naku mai sauraro,
daga Zariya