Zuwa ga Malam Na'ibi, kan sunayen mazan garinmu da suka kwanta a bakin daga

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam.

Ranar taron 'yan garinmu na bayan Babbar Sallah, da na gama bayanin littafin da nake tara sunayen mutanenmu da suka mutu a yaƙi, ka karɓi lasifika a gaban dagaci da dattawa ka ce: "Hajiya, waɗannan fa yaƙin Nasara suka je yi. Mene ne namu a ciki? Kuma ina muka gaji jera sunayen matattu in ba wajen Turawa ba?" Ban tanka ba. Ba a yi mana tarbiyyar ja-in-ja da malami a cikin taro ba, ko da kuwa malamin ni na riƙe masa hannu yana koyon jan layi a aji ɗaya. Amma tun da na dawo Tudun Wada maganar take cina, kuma tunda a fili ka tambaya, bari in amsa a fili.

Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan yi mata kwaskwarima ba. Rundunar da kakanninmu suka shiga a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce dai wadda Gwamna Lugga ya kafa, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Ba wanda ya nemi shawarar talakan Zazzau a rigimar Ingila da Jamus, balle Japan da bai taɓa jin sunanta ba. Wasu sun shiga soja don albashi da kaki, wasu gudun bashi ko haraji. Wasu kuwa adadi ne aka yanka wa hakimi, hakimi ya yanka wa dagatai, dagaci ya leƙa gidan da ba shi da mai tsaya masa. A shekarun nan ne kuma aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Ban taɓa kiran su shahidai ba, wannan fagenku ne na malamai, hukuncinsu kuma yana wajen Ubangijinsu.

To amma bari in ba ka labarin Inna, kakata ta wajen uba, wadda a ɗakinta na tashi.

Mijinta ya tafi da kaka, an gama yankan dawa, mahaifina yana goye. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, ba wasiƙa, ba saƙo. Da aka fara dawo da sojoji a 1946, sau uku tana tako wa da ƙafa daga gari zuwa tashar jirgin ƙasa ta Zariya, ta tsaya can gefe cikin mata tana leƙen fuskokin masu saukowa. A ƙarshe wani abokin tafiyarsa ne ya yi sallama a ƙofar gida, ya miƙa laya guda da wani gwangwanin shan ruwa mai lanƙwasasshen baki. Ya ce zazzaɓi ne ya ci shi a bakin wani kogi, cikin damina, shekara biyu da suka wuce. Da dare suka haƙa rami suka sa shi da kakinsa, ba wanka, ba likkafani, gabas ma kintata suka yi. A ranar Inna ta kama takaba, wata 4 da kwana 10, ga mutumin da ƙasa ta riga ta cinye. Gwangwanin nan a cikinsa take ajiye allura da zare har ta koma ga Allah, yanzu yana kan durowata.

Wanda ya kawo saƙon ka san shi. Shi ne tsohon maigadin firamarenmu, wanda ku yara kuke bi kuna cewa "lef-rai, lef-rai", shi kuma ya ƙame ya sara muku. In hadari ya haɗo sai ya shige ɗakinsa ya ja ƙyaure. Mun ɗauka taɓin hankali ne. Sai da na girma na zauna da shi na ji labarin matsattsaku masu shiga takalmi, da atuni, da ruwan sama na wata da watanni, da kayan da ake jefo musu daga jirgin sama don babu hanyar mota.

Kullum mutanen Zariya suna wucewa ta gaban barikin Chindit, inda ake horar da kuratan soja tun 1924, amma kaɗan ne suka san inda sunan ya samo asali. Sunan wata runduna ce da aka sauke ta jirgin sama a bayan dagar Japan a Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Bama, a 1944, kuma bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Nijeriya suna cikinta. Sauran 'yan Afirka ta Yamma suna runduna ta 81 da ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, da ta 82 da ta bi ta Arakan, suka haɗu suka karɓe Myohaung a Janairun 1945. Dubbai daga cikinsu ko bindiga ba a ba su ba, 'yan dako ne, da ka suke ɗaukar harsashi da abinci suna hawan duwatsu. Kafin nan, a 1941, sojan Nijeriya ne suka shiga Mogadishu suka kori Italiya har Harar a ƙasar Habasha. Barikin Dalet na Kaduna, Dodan da Arakan na Legas, Letmauk na Ibadan, duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a Burma. Wurin da aka mutu an sa wa bariki sunansa, shi wanda ya mutu a wurin ko uwarsa ba a aika wa takarda ba, a garinmu dai.

Ka ce al'adar Turawa nake kwaikwayo. Allah gafarta, ai da sun yi mana ita da ban sha wannan wahala ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, kuma adadin zai iya kai wa 350,000. Har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. A cikin rahoton akwai maganar wani gwamnan mulkin mallaka na Gana, Guggisberg, wanda a 1923 ya nuna cewa ɗan ƙasa ba zai gane amfanin dutsen kabari ba, don haka ba sai an yi masa ba. In muka ce mu ma ba ruwanmu da sunayen, mun gaskata shi ke nan.

Waɗanda aka rubuta ɗin ma, je ka ga yadda aka rubuta su. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun na Burma akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, namu suna ciki. Jikata ta buɗe mini jerin a waya. Akawun ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba ko ƙauye. Wane ne sunanka? Musa. Daga ina? Ƙasar Zazzau. Shi ke nan ka zama Musa Zariya, kamar yadda na Kano ya zama Audu Kano. Da na sa sunan kakana, sai ga masu irin sunan sun fito a jere, kowa da lambarsa da bataliyarsa da ranar mutuwarsa. Wanne ne nawa? Inna ba ta san lamba ba. Sunan ma ba ta taɓa furta shi ba, "mai gidan nan" take cewa har tsufanta. An mayar wa yayana sunan, sai muka koma kiransa Abba. Ka ga can akawu ya shafe sunan gari, nan gida kunya ta rufe sunan mutum, kuma kunyar ban ga laifinta ba. Sai dai in tsararmu ta wuce ba a rubuta ba, babu sauran mai sani.

Batun ko mun gaji rubuta suna kuwa, ai kai ka fi ni sani. Sunayen mutanen Badar a rubuce suke, malamai suna karantawa. A'uzu billahi in haɗa su da kowa, nufina kawai musulmi bai jira Bature ya koya masa adana suna ba. Nana Asma'u ta yi wa mamatanta marsiyya. Jerin sarakunan Zazzau tun daga Gunguma muna biya wa yara shi a makaranta, ni kaina na yi shekaru ina sa su haddacewa. Talaka ne dai ba a saba rubuta nasa ba.

Kuma littafin bai tsaya a zamanin Turawa ba. Akwai waɗanda Yaƙin Basasa ya ci tsakanin 1967 da 1970, har da biyu da aka ce ruwan Kwara ne ya tafi da su lokacin da ake ta ƙoƙarin tsallakawa Onica. Akwai wanda ya tafi Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, bai dawo ba. Akwai ɗan unguwar maƙera da na koyar a aji huɗu, mai yawan surutu da cin gyaɗa a aji, wanda aka kashe a Borno, ya bar mace da ciki. Shi ma yaƙin Nasara ya yi? Akwai kiristoci uku daga gidajen bayan rafi, su ma na rubuta su, domin rijiya ɗaya iyayensu suka sha da namu.

Kowace 15 ga Janairu ana ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a Abuja a ajiye furanni, a saki tantabaru, a harba bindiga. Ni ba wannan nake nema ba. Ba na son mutum-mutumi, ba na son a gina komai a kan kabari, ba na neman a tashi tsaye a yi shiru na minti ɗaya. Littafi ne mai bango mai kauri, irin na rajistar makaranta. Kowane mutum shafi guda: sunansa na yanka, laƙabinsa, sunan ubansa, gidansu, yaƙin da ya je, da wanda ya bari. Kwafi ɗaya a gidan dagaci, ɗaya a firamare. In kun ga ya halatta, wata Juma'a bayan an idar a roƙa musu gafara tare da sauran mamatanmu. In kun ga akwai matsala, ku faɗa mini dalilin, zan saurara, mu mata mu yi sadakar waina a gida yadda muka saba.

Akwai shafi ɗaya da na kasa cikawa, a nan ne nake neman taimakonka. Na gidanku ne. Ƙanin kakanka ya tafi tare da nawa kakan a jirgi ɗaya, bai yi aure ba, bai bar baya ba, ba a kuma mayar wa kowa sunansa ba. Na je wajen Goggonka sau biyu, laƙabinsa kawai take iya faɗa mini, da na matsa sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce sunan surukinta ne na fari, ba za ta kama shi ba. Kai ɗanta ne, wataƙila in ka jero mata sunaye ɗaya bayan ɗaya za ta gyaɗa kai in ka zo kan nasa. Da na gan ta da Sallah jikin ya yi rauni ƙwarai, don Allah kada ka bari sai bayan damina.

Ka gaida iyali da 'yan makarantar dare.

Wassalam,
Tsohuwar malamarka ta aji ɗaya,
Tudun Wada, Zariya.