Gidajen rediyon Bauchi, ku rage wa mai sauraro cin data

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu ja hankalin gidajen rediyonmu kan yadda ake sa shirye-shirye a intanet. Wasu na ganin in an jingina waya a situdiyo an kunna Facebook, shi ke nan an gama. Alhali ɗan Azare ko Ningi da ke neman na kansa a Legas murya yake son ji, ba hular mai gabatarwa yake son gani ba, ga shi bidiyo kan lashe masa ɗaruruwan megabayit cikin awa guda.

Mafita ita ce a riƙa tura sauti zalla, ba tare da bidiyo ba. Lissafin ba shi da wuya. Sautin da aka tura a kan kilobit 128 a daƙiƙa yana cin megabayit 57.6 a awa. A kan 64 yana cin 28.8, a kan 32 kuwa 14.4 kacal. Labarai da tafsiri da shirin kiran waya ba sa buƙatar fiye da 32, muddin an zaɓi tsarin matse sauti na AAC+ an kuma bar sautin a mono, wato layin sauti ɗaya. MP3 ne in aka matse shi haka sai ka ji kamar ana magana cikin tulu. Sauti mai ƙarancin kilobit kuma shi ke jure wa netwok mai rauni ba tare da yankewa ba.

Kayan aikin kaɗan ne: kwamfuta ɗaya da ba a taɓa ta don wani aiki, ƙaramin akwatin USB mai shigar da sauti cikin kwamfutar, manhajar tura sauti ta BUTT wadda kyauta ce, sai hayar saba, wato kwamfutar da ke raba sauti a intanet, mai manhajar Icecast ko Shoutcast. A zuba wa manhajar adireshin sabar da lambar ƙofarta (port) da kalmar sirri, a kunna wurin da zai sa ta sake haɗa kanta in layi ya yanke. Kada a ajiye sabar a cikin tashar. Tasha layi ɗaya tak take turawa, saba ce ke raba wa jama'a, kuma mutum 500 da ke sauraro a lokaci guda a kan 32 suna jan megabit 16 a daƙiƙa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sa wayar mikisa, wato na'urar haɗa sautin situdiyo, kai tsaye a ramin makirufon laftof. Sautin mikisa ya fi ƙarfin ramin, dole murya ta riƙa fashewa. In kuma gurnani ake ji a ƙarƙashin magana, a zare cajar laftof a saurara. In ya ɗauke, bambancin ƙasan wuta (earth) ne tsakanin na'urorin biyu, ƙaramin tiransifoman raba sauti zai kashe shi. Sai wuta: in an ɗauke ta, kafin a tayar da janareta rauta, wato na'urar da ke haɗa tashar da intanet, ta mutu, kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo, don haka a ɗora ta tare da kwamfutar a kan inbata. A haɗa su da kebul, a bar Wi-Fi ga ma'aikata.

Sautin intanet kan zo a makare da daƙiƙa 10 zuwa 30. Wannan ya sa mai kira daga Jidda yakan yi ta "halo, halo" yana jiran ya ji kansa. A gaya masa ya kashe na intanet ya saurari wayar. Da azumi ma a riƙa tunatar da masu sauraro kada su sha ruwa da kiran sallar intanet, balle wanda ke wani gari.

Wassalam.

Wasu masu aikin injiniyan rediyo,
Bauchi