Wasiƙa: Kafin a Zargi Direban Sauti, a Duba Ƙofar da Aka Shigo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da ƴan uwana masu sha'awar rediyon sadarwa, wato masu lasisin zantawa da takwarorinsu na duniya ta gajeren zango, da kuma samarin da ke gyaran kwamfuta a garin nan, waɗanda wurinsu muke kai kukanmu idan abu ya cije. Mu a Nijar lambar kiranmu da 5U take farawa, ta maƙwabtanmu na Nijeriya kuma da 5N. Ba mu da yawa, shi ya sa idan ɗayanmu ya yi tuntuɓe, ya kamata ya nuna wa saura inda dutsen yake.

Tashata tana gidanmu na gado a wajen Madarumfa, domin a cikin Maradi ƙarar da injinan wutar hasken rana da cajojin salula ke zubawa a zango ta kai inda raunanan tashoshi ba sa fitowa ko kaɗan. A can akwai rediyo da eriya da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows, waya guda ta USB ce ta haɗa su, ni kuwa daga ɗakina nake shiga ta intanet. Manhajar da nake aiki da ita WSJT-X ce, ta Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya samu kyautar Nobel a 1993, kuma tsarin da na fi so shi ne FT8, wanda shi da Steve Franke suka fitar a 2017. A wannan tsari kowane ɓangare yana da daƙiƙa 15 na aikawa da 15 na sauraro, kuma kwamfuta ce ke tsinto saƙon daga cikin sautin da rediyo ke miƙa mata, har wanda kunnen mutum ba ya iya ji. Idan sautin bai iso ga manhajar ba, tashar ta zama kurma ko da eriyarka ta taɓo sama.

Abin da ya same ni shi ne, duk lokacin da na zauna gaban kwamfutar a Madarumfa komai lafiya lau, tashoshin Turai da Kudancin Amurka suna ta zubowa a kan megahaz 14.074, zangon da masu FT8 ke haɗuwa. Da na koma Maradi na shiga daga nesa, sai manhajar ta ce ba ta ga na'urar sauti ba. Sau uku na cire direban sauti, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, na sake ɗora shi. Na canza waya. Na hau babur na je na dawo har sau biyu cikin zafin watan Afrilu. Ashe na bar jaki ina dukan taiki.

Laifin nawa ne, domin ban fahimci yadda Remote Desktop, wato manhajar Windows da nake shiga kwamfutar da ita daga nesa, ke aiki ba. An tsara shi ne don ma'aikacin ofis da ke son jin sautin kwamfutarsa ta nesa a inda yake zaune, saboda haka da zarar ka shiga, sai ya ɓoye na'urorin sautin da ke can, ya kafa wata ta wucin gadi wadda aikinta kawai turo maka sauti ta intanet. Na'urar sautin da ke cikin rediyo, wadda ke bayyana da sunan USB Audio CODEC, tana nan daram a jone, direbanta lafiyarsa ƙalau, amma manhajar ba ta da hanyar ganinta. Maganin yana kan kwamfutar da kake zaune gabanta, kafin ka danna shiga. A sashen sauti akwai zaɓi uku: a ji sautin a nan, kada a ji shi sam, ko a bar shi a kwamfutar nesa. Na ukun ne namu. Bayan ka zaɓe shi ka sake shiga, sai ka rufe WSJT-X ka buɗe ta, ka sake zaɓar na'urar shiga da ta fita. Mai FT8 ba ya asarar komai da wannan, tunda ba kunnensa ke aikin ba. Mai son magana da murya kuwa zai buƙaci wata manhaja dabam, irin su Mumble, ta ɗauko masa sautin. Manhajojin da ke nuna allo kawai, irin na VNC, ba sa taɓa na'urorin sauti, kuma wannan ya sa wasu suka fi son su.

Ban gama murna ba sai wata ta ɓullo bayan an ɗauke wuta. Na kira ɗan ƙanwata da ke kwana a gidan, ya ce mini, "Kawu, na share ƙura ne jiya, na mayar da wayar, amma ban tabbata ramin da take ba ne." Nan take na gane. Idan aka mayar da waya wani rami dabam, Windows na ɗaukar rediyon a matsayin sabon baƙo, sai ya ƙara lamba 2 a gaban sunansa, manhajar kuwa tana nan tana jiran tsohon suna. Tun daga ranar na shafa jan fenti a bakin ramin, na kuma sake wa na'urorin suna zuwa "Rediyo shiga" da "Rediyo fita", yadda ko yaro zai gane su ta waya.

Akwai wasu wuraren da ya kamata a leƙa kafin a taɓa direba. Tun daga sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018 akwai makullin sirri da ke hana manhajoji amfani da makirfo, kuma a wurin kwamfuta sautin rediyo makirfo ne, don haka idan makullin na rufe za ka ga sunan na'urar amma ma'aunin sauti ba ya motsi. WSJT-X tana son a saita ingancin sautin na'urar a kan 48000 Hz da bit 16, a kashe duk wani gyaran murya, sannan a daidaita ƙarfi har ma'aunin ya tsaya wajen 30 idan zango ba kowa. Haka kuma kada a bar rediyo ya zama babbar na'urar sautin kwamfuta, in ba haka ba ƙararrawar saƙonninka za ta iya fita a iska duniya ta ji, kuma mai lasisi ne ke da alhakin duk abin da tasharsa ta watsa, yana wurin ko ba ya nan. Idan kuwa sautin na yankewa ne daidai lokacin da ka fara aikawa, to ƙarfin rediyon ne ke komowa ta wayar USB, maganinsa zoben ferit, wato zoben da ake sa wa waya ya tare wannan ƙarfi, da gajeriyar waya da rage ƙarfi.

Abu guda da ke yaudarar mutane ƙwarai shi ne agogo. Za ka ga alamun tashoshi sun cika allo amma ko saƙo ɗaya bai fito ba, sai ka rantse sauti ne ya lalace. FT8 na buƙatar agogon kwamfuta ya yi daidai, kuskuren kada ya wuce kamar daƙiƙa guda, kuma tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu takan tashi da lokacin da ba shi ba duk sanda wuta ta dawo. Na canza batirin, na sa ta riƙa daidaita agogonta da intanet, na kuma saita ta yadda za ta kunna kanta idan an kawo wuta.

Ga samarinmu masu gyara ina da roƙo. Idan dattijo ya kawo muku irin wannan kwamfuta, ku tambaye shi ko matsalar na faruwa yana gabanta ko sai ya shiga daga nesa, kafin ku goge komai ku sake ɗorawa. Ni an taɓa goge mini kundin tashoshin da na yi magana da su na shekara biyu a kan matsalar da zaɓi ɗaya ya warware.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naka,
Wani mai karatu,
Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.